Shekarar da Muryata Ba Ta Kai Magariba

Akwai maganar da ke yawo a dangi wadda na san ta iso kunnuwanku, ko da yake ba wanda ya taɓa tunkarata da ita a cikinku, saboda kunya irin ta 'ya'ya. Ana cewa sammu aka yi mini aka raba ni da ladancin masallacin unguwarmu, kuma wanda ya yi sammun shi ne ya gaje lasifikar. Wasu kuma cewa suke likitoci ne suka juya mini kai har na ɗauki gadon gidanmu na ba baƙo. To, ni da abin ya faru a jikina ina nan da raina, hankalina kuma bai gushe ba tukuna. Gara ku ji daga bakina, kada bayan ba ni wani ya ɗora muku gabar da ba ta da tushe.

Ladanci a gidanmu na Shahuci ya girmi duk wanda kuka sani. Kakanmu ya yi kira tun ba lasifika, yana hawa matakalar ƙasa da ke jikin masallaci ya toshe kunnuwa, a ji shi har bakin kasuwa. Baba ya karɓa daga hannunsa, da ƙarfinsa ya fara ja baya kuma ya miƙa mini, ya tsallake Yaya Sule duk da shi ne babba. Kada ku ɗauka abin ya ɓata wa Yaya rai. Shi da kansa yake cewa muryarsa kamar ana jan buhun gawayi a kan tsakuwa take, in ya yi kira sai mutane su fito da bokitai su ɗauka gobara ce. Shi ya riƙe gida bayan rasuwar Baba da cinikin yadin da yake yi a kasuwa, ni kuma ina zaure da keken ɗinkina, lokacin salla ya yi in ajiye almakashi in tsallaka titi. Idan yana tare da baƙi na fara kira, har tsayar da hira yake yi, ya ɗaga yatsa ya ce su saurara, ƙanensa ne. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk abin da ya yi daga baya ƙauna ce ta sa shi.

Malam Isyaku kuwa baƙo ne a lokacin. Daga wani ƙauye ta yammacin Kano ya shigo birni yana dako a kasuwa, a hankali ya kafa tebur a gefen masallaci yana sayar da zuma da dabino. Ya kama hayar ɗaki a jikin gidanmu, ya kawo iyalinsa. Mutum ne mai karatu, mai shiru, muryarsa kuma tana da tsawo da sanyi. Duk ranar da na yi tafiya shi nake bar wa kira. Kowace Juma'a kuma sai ya tsayar da ni ya ɗebo zuma a cokali ya ce in sha, wai maƙogwaron ladan amana ne.

Abin ya fara mini ne da bazara, ta wajen ido. Ina zura zare sai na ga kafar allura ta zama biyu, na rasa wacce zan bi. Na ɗauka gajiya ce. Sai fatar idona ta hagu ta fara sauka da kanta in rana ta yi, kamar labulen da igiyarsa ta saki, in na kwana kuma na tashi garau. Daga nan ya gangaro murya. Kiran asuba ina yin sa kamar yadda na saba, azahar ma ba laifi, la'asar sai ta yi siriri, magariba kuwa sai ta riƙa fita ta hanci kamar mai mura. Na ɓoye iya ɓoyewa. Wata ranar Laraba da magariba na yi kabbarori, na yi shahada, na ja numfashi zan ce hayya alas-sala, sai harshena ya kwanta. Iska tana fita, harafi ba ya fita, unguwa gaba ɗaya tana jin hucina a lasifika. Malam Isyaku yana alwala a bakin famfo, ya taho da gudu hannuwansa a jiƙe, ya dafa kafaɗata, ya ƙarasa kiran. Ni a wurina rufin asiri ya yi mini. A wurin waɗansu kuwa, wannan gudun da ya yi shi ya zama shaida a kansa.

A cikin gida kowa da tasa. Inna, kakarku, ta ce kambun baka ne, an cika yabon muryar ba a cewa tubarkalla. Mahaifiyarku ta ce a je asibiti. Yaya ya ce wane ciwo ne yake sanin lokutan salla, ya bar mutum da safe ya kama shi da yamma? Aka yi rubutu na sha, aka yi tofi, kuma har gobe ban raina su ba, Alƙur'ani waraka ne. Amma Yaya bai tsaya nan ba. Ya ɗauko wani mai duba daga nesa, mutumin ya zana ƙasa a tire a tsakar gidanmu, ya daɗe yana gyaɗa kai, sannan ya ce abu ne aka ba ni a cikin zaƙi, daga hannun wanda yake kusa, mai son kujerata.

Ba a ambaci suna ba, amma kafin sati ya zagayo ba wanda yake tsayawa a teburin Malam Isyaku. Mata suka daina amsa sallamar matarsa. In ya shiga sahu sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Yaya ya aika masa cewa ya nemi wani ɗakin kafin damina ta wuce. Ni duk ban san wannan ba a lokacin, don ina kwance, tauna ma ta fara gagarata, in na ci loma kaɗan sai haɓata ta gaji in tallafe ta da hannu.

Ranar da abin ya kai maƙura da rana tsaka ne. Mahaifiyarku ta dama mini kunu, na kurɓa, sai ya dawo ta hanci, na ƙware, numfashi ya riƙa yi mini gajere kamar an ɗora mini turmi a ƙirji. Yaya yana kasuwa, ya kuma bar umarni kada a kai ni ko'ina sai an gama kwanakin hayaƙin da mai duba ya rubuta. Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki tana salati. Ita ba ta faɗar sunan Yaya, da yake ɗan fari ne.

"Ki jira mai gidan ya dawo," ta ce da mahaifiyarku. "Kada ki jawo wa kanki magana."

"Inna, ki yafe mini," in ji mahaifiyarku, tana ɗaura mayafi. "In faɗa za a yi mini, a same ni a asibiti a yi mini."

Ta fita titi da kanta ta tare mota. Wannan matar da ko zaure ba ta leƙawa sai da dalili. Ku riƙa yi mata addu'a.

Na yi kwanaki da abin iska a hanci. Da na ɗan farfaɗo aka kawo mini likitar jijiyoyi, wata mace mai farin gilashi da ake kira Dakta Rabi, ba ta kai ni shekaru ba. Ta sa na kalli silin ban ƙifta ba har fatar idona ta sauko. Ta sa na yi ƙirge da ƙarfi har muryata ta shige hanci. Sannan ta yi mini wata allura, ta ce in yi magana. Wallahi kafin ta gama goge hannu idona ya buɗe tangaram, na ce Alhamdu lillahi, na ji ta fito da harafinta cikakke kamar yadda na rabu da ji tun farkon bazara. Ba a jima ba ƙarfin ya sake tafiya, amma ita ta riga ta ga abin da take nema. Ta faɗi sunan cutar, mayasteniya, ta ce ba a raba mutum da ita gaba ɗaya, amma ana zama da ita da magani har tsufa.

A gadon asibitin nan mahaifiyarku ta ba ni labarin abin da ake yi wa Malam Isyaku. Ta ce ya zo duba ni har ƙofar ɗaki, Yaya ya hana shi shiga, ya juya ya tafi. Na kwanta ina juya abin. Na san mutanenmu. In na koma na ce likita ta ce ciwo ne, za su ce ai likita ba ta ganin sammu a allura. Tambayar Yaya ita ce a bakin kowa, wane ciwo ne yake sanin lokutan salla, kuma muddin ba a amsa ta ba, mutumin nan ba zai wanku ba. Washegari da Dakta Rabi ta zo zagaye na riƙe ta da magana.

"Likita, ina so ki koya mini ciwon nan."

"Ai na gaya maka, Malam. Ka dai riƙa shan magani a kan lokaci."

"Kin gaya mini sunansa. Ni so nake in san me ya sa yake barina da asuba ya kama ni da magariba, sanin da zan iya tsayawa gaban dattawa in faɗa da bakina. Akwai mutumin da za a kora daga unguwa saboda ni."

Ta dube ni ta saman gilashi, ta ce in ta gama ganin marasa lafiya za ta dawo. Ta kuwa dawo, da wani ƙaton littafi a hammata.

Abin da ta koya mini ke nan, kuma ban yarda na bar asibitin ba sai da na iya maimaita mata shi ba tuntuɓe. Jijiyar da ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka ba ta taɓa tsokar. Tana zuwa dab da ita sai ta tsaya, a bar wata 'yar tazara da ido ba ya gani. A bakin jijiyar akwai waɗansu 'yan jakunkuna cike da wani sinadari, jere suna jira. In umarni ya iso, sai waɗansu ƙofofi su buɗe, gishirin da ake kira kalsiyam ya shigo, shi ne yake tayar da jakunkunan su manne da bangon jijiyar su zubar da abin cikinsu waje. Sinadarin ya haye tazarar, ya sauka a kan waɗansu makarɓa da ke jikin tsoka, sai tsoka ta motsa. Nan take kuma wani abu ya bi ya share sinadarin don a ba saƙo na gaba wuri. Ta buɗe littafin ta nuna mini hoton da aka ɗauka da madubin ƙara girma. Na ga bakin jijiya da jakunkunan a ciki, zagaye-zagaye, cunkus kamar gero a tafin hannu. Na daɗe ina kallo. Duk harafin da na taɓa ja a lasifika, ashe sai da dubban waɗannan suka buɗe baki.

Wuri ɗaya ya tsaya mini. Na ce in jakar tana cikin jijiya, ta yaya abin cikinta yake fita ba a huda bango ba? Ta ce fatar jakar da fatar bangon iri ɗaya ce, in sun haɗu sai su zama abu ɗaya, bakin jakar ya buɗe ta waje.

"Aljihu ke nan," na ce. "Ka ɗinke ƙyalle ya zama jaka, ka kawo shi jikin riga ta ciki, ka haɗe bakinsa da rigar. Jakar tana ciki, amma ta waje ake zura hannu."

Ta yi dariya ta ce haka ne, sai dai wannan aljihun in an kwashe abin ciki, farke shi ake yi a mayar da shi ciki a sake cikawa. Ta ce ba jijiya kaɗai ke wannan aiki ba. Yawun bakina, da sinadarin da ke rage sukari a jini, da abubuwa da yawa da ƙwayoyin halittar jiki ke fitarwa, duk ta irin waɗannan jakunkuna suke fita.

Sannan ta zo kan amsar da nake nema. Ko a jikin mai lafiya, in aka yi ta aika umarni ba hutu, jakunkunan da ke jere a bakin ƙofa raguwa suke yi, kafin na baya su matso. Mai lafiya ba ya ji, don makarɓansa suna da yawa, ko kaɗan aka zubo ya isa. Ni kuwa garkuwar jikina ce ta ruɗe ta far wa makarɓana ta lalata da yawa. Da safe, bayan hutun barci, jakunkuna sun cika sun jeru, abin da suke zubowa yana da yawan da zai ishi 'yan makarɓan da suka rage. In yini ya yi nisa, ana ta magana ana ta tauna ana ta ƙifta ido, abin da ake zubowa ya ragu, sai saƙo ya kasa tayar da tsoka. Zafi kuma yana ƙara abin, sanyi yana sassauta shi. Ƙwayar da ta ba ni aikinta shi ne ta riƙe hannun mai sharar nan, sinadarin ya ɗan daɗe a tazarar har ya sami makarɓi.

Na tambaye ta maganar kira. Ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce magana da ci da ɗinki za su dawo, in sha Allahu. Amma jan murya mai tsawo sau biyar a yini, ba ta yi mini alkawari ba. Asuba wataƙila, sauran kuwa wata rana ta fita, wata rana ta yanke.

Da na dawo gida Yaya ya riga ya shirya nasa. Za a riƙa karɓa-karɓa tsakanin yaran gida har in warke, lasifika dai ba za ta bar zuriyar Baba ba. Na yi istihara, na kuma yi tunani iya tunanina. Masallaci ba zai zauna jiran muryar da sai ta ga dama ba. A duk unguwar ba wanda ya kai Malam Isyaku cancanta, ga karatu ga kiyaye lokaci. Na kuma gane cewa bayani kaɗai ba zai wanke shi ba, sai mutane sun ga na ba shi da hannuna. Har asubar ma na yanke ba zan riƙe ba, don in na riƙe ta kullum za a riƙa auna muryata da tasa, maganar ba za ta mutu ba. Ba wanda na gaya wa sai mahaifiyarku. Ta ce in dai na tabbata zan iya jin kiran wani ina zaune, to tana bayana.

Na roƙi Liman ya tara dattawan unguwa a zaurensa bayan azahar, ya kuma kira Yaya da Malam Isyaku. Da gangan na zaɓi lokacin, daidai sa'ar da ƙwayar safe take sakina kafin in sha ta gaba. Na shiga da ƙullin ƙanƙara a cikin kwano. Zauren ya cika, ana ta fifita. Malam Isyaku ya zauna can bakin ƙofa kusa da takalma, ya rame har na kusa kasa gane shi.

Na fara da bismilla na yi musu bayani kamar yadda na yi muku yanzu, da jijiya da tazara da aljihu da makarɓa. Ina cikin yi muryata ta fara shigewa hanci, idon hagu ya sauko ya rufe rabi. Na ce su duba da kyau, abin da nake faɗa ne yake faruwa a gabansu, jakunkunan bakin ƙofa sun ragu. Na ɗauki ƙanƙara na ɗora a kan idon na ɗan jima, na cire. Fatar ta ɗage, ido ya buɗe. Zauren ya ɗauki salati. Na haɗiyi ƙwayata a gabansu da ƙyar, na ce a ba ni zuwa la'asar. Muka zauna jira. Liman, wanda ciwon sukari ya daɗe yana damunsa, sai juya maganar yake yi da na kusa da shi, wai ashe shi ma nasa aljihunan ne suka yi rowa. Da lokaci ya matso na buɗe baki na karanta Fatiha a bayyane, kowane harafi a mazauninsa.

"Allah gafarta Malam," na ce da Liman, "wannan ciwo daga jikina yake, jarrabawa ce daga Ubangiji. Zumar Malam Isyaku ba ta da laifi. Duk wanda ya ƙaurace masa saboda ni, ya ɗauki alhaki, ya nemi yafiyarsa. Kuma ni na sauka daga ladanci. In jama'a sun yarda, shi nake ba."

Yaya ya miƙe tsaye.

"Habu, ka san abin da kake faɗa? Don ƙanƙara ta buɗe maka ido shi ke nan? Wanda ya iya kwantar da harshenka ba zai iya sa ka miƙa masa da hannunka ba? Ai wannan ma cikin aikin ne!"

"Yaya, na ga abin da idona a littafi, na ji shi a jikina."

"Kakanmu, Baba, kai. Sai ka ɗauka ka ba ɗan dako?"

"Bilalu ma ba ɗan gari ba ne, Yaya."

Da na san yadda wannan kalma za ta soke shi a gaban mutane, da na nemi wata, amma ba zan janye ma'anarta ba. Ya sa takalmansa ya ce daga yau in nemi wani wan. Malam Isyaku kuwa kuka yake yi, yana cewa shi ba ya so, a bar shi ya koma ƙauyensu. Na taka har inda yake na kama hannunsa, muka tsallaka zuwa masallaci jama'a na biye, na kunna lasifika na tsayar da shi a gabanta. Ya yi kiran la'asar.

Katangar da kuka tashi kuka gani ta raba tsakar gidanmu biyu, a wannan daminar aka gina ta. Yaya ya kira magina, ya sa aka fasa masa wata ƙofa ta baya. Inna ta zauna a kan tabarma tana kallon ana jera bulo, ba ta ci abinci ba yinin nan. Ta rasu katangar tana tsaye, tana zagayawa ta titi in za ta je wurin ɗayanmu, kuma wannan yana cikin abin da na biya. Malam Isyaku duk da haka sai da ya bar ɗakin, ya sami wani a Goron Dutse, ya riƙa tahowa a ƙafa kafin ya sami keke, rani da damina ban taɓa jin ya makara ba. Mutane suka dawo teburinsa sannu a hankali, ko da yake akwai waɗanda har suka mutu ba su ƙara sayen zumarsa ba. Ni kuma ba zan ce muku abin ya zo mini da sauƙi ba. Na daɗe in lokacin kira ya yi sai in tsinci kaina na ajiye almakashi na miƙe, sannan in tuna in koma in zauna. Amma ko sau ɗaya ban yi da-na-sani ba, kuma da za a mayar da ni zauren Liman yau, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Shekaru suka shuɗe ni da Yaya sai gaisuwar sahu, ita ma in ta kama dole. Na aika masa dattawa, na je da kaina a sallah ƙarama da babba, yana amsa sallama ya juya kai. Rannan da hantsi, gemunmu duk ya yi fari, ina zaure ina yanka wata riga, sai na ga inuwa ta tare ƙofa. Yaya ne, da sandarsa. Ya zagayo ta titi. Bai yi zama ba, bai kuma dube ni sosai ba.

"Ka sha ƙwayar taka?"

"Na sha, Yaya."

"To taso. Matar Aminu ta sauka, namiji. Ba a yi masa kira a kunne ba."

Aminu shi ne babban ɗansa, wannan kuma jikansa na fari. Na ajiye almakashi na bi shi, na shiga ta ƙofar da ban taɓa shiga ba. Aka miƙo mini jaririn a cikin zani, ɗumi-ɗumi, bai ko buɗe ido ba. Na kai bakina kunnensa na dama na yi kira a hankali, tun daga kabbara har ƙarshe, na juya na hagu na yi iƙama. Ba harafin da ya faɗi. Da na ɗago na ga Yaya ya juya baya yana gyara hularsa da ba abin da ya same ta.

Ya rako ni waje. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Ni fa har yanzu ban yarda da mutumin nan ba."

"Na sani, Yaya."

"To."

Akwai wata kwata mai faɗi tsakanin ƙofarsa da titi, an ɗora mata katako ɗaya. Na ɗaga ƙafa zan hau, sai na ji ya kama hannuna ta wuyan hannu, ya riƙe gam, shi da yake dogara sanda, har sai da na tsallaka.